Ranar da Na Kira Sunansa a Lasifika

Jikata Tuli tana kiran sunan mijinta sau ashirin kafin shayin safe ya huce. "Arko, ina makulli? Arko, kashe fanka. Arko, wai kai ba ka ji ne?" Duk kira ɗaya sai gabana ya faɗi, ko da yake yaron lafiyarsa lau, har tumbi ya ajiye. Ranar da na yi mata magana, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"To Kaka, da me zan kira shi? Kujera?"

Na ce mata zauna, yarinya, ba ki san komai ba. Ni sau biyu na kira sunan kakanki a shekara hamsin da uku, kuma na farkon rabin birnin Kalkata ya ji shi.

A ƙauyenmu, Kusumdanga, a yankin Bengal, mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ba kunya kaɗai ba ce. Kowa ya san duk kiran da ta yi, kwanaki take gutsure masa daga cikin rayuwarsa. Surukata ma tana da misali a hannu kullum: matar maƙerin unguwa, wadda ta ambaci sunan nata cikin fushi a bakin tafki, damina ba ta fita ba maciji ya sare shi a gonar shinkafa. Ita kanta surukar tawa mijinta ya daɗe da rasuwa, don haka na san yadda abin yake tun daga kusa. Farin zanen sari, babu awarwaro, babu jan garin matan aure a tsagar gashi, kuma babu kifi har abada. Ni kuwa a ba ni kan kifi da shinkafa, a kwashe sauran duniya.

Saboda haka idan ina son magana da shi sai in ce, "Kana ji?" Shi ke nan sunansa a bakina. Duk matan da na sani haka suke kiran nasu.

Shekarata goma sha tara, watanmu biyar da aure, a sanyin shekarar sittin da takwas. Shi gyaran keke yake yi a kasuwar Panskura. Sau biyu ya taɓa zuwa Kalkata sayen kayan gyara, amma in ka ji yana ba da labarin birnin sai ka rantse shi ya ɗora tubalin farko. Wata rana yana cin abinci ina yi masa fifita, ya ce wa uwarsa, ba tare da ya dube ni ba, ranar sabuwar shekara zai kai amarya ta ga gada.

"Gada? Wadda take kan rafinmu ta karye ne?"

"Inna, ba irin wannan ba."

"Amaryar wata biyar a kan titi kamar 'yar wasan kwaikwayo! Ubanka bai taɓa kai ni ko tasha ba, ga ni ban mutu ba."

Kwana uku suna ja. Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a kawo mata alawar madara mai mazarƙwailar dabino, irin wadda sai da sanyi ake yi. Na biyu kuwa ni ta kalla ta faɗe shi: a je a dawo a ranar. "Amaryar da ta kwana a waje, ta nemi wani gidan. Ba zan zama abin hira a bakin tafki ba." Ba ta yi murmushi ba, kuma na san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Da asuba muka shiga jirgin ƙasa. Kafin mu sauka a tashar Hawra ya gyara mayafinsa na ulu, ruwan ƙasa, ya miƙo mini bakinsa.

"Riƙe nan. Ko ƙasa za ta tsage kada ki saki."

Na riƙe. Sarina na ja har kan hanci, kamar yadda ya kamaci amarya, don haka abin da na fara gani na Kalkata ƙafafu ne. Ƙafafu iri-iri: masu takalmin fata, masu silifa, na 'yan dako da suka tsattsage kamar gonar rani. Sai da muka hau gadar ya ce, "Ɗaga kanki mana, ba ƙasa na kawo ki kallo ba." Na ɗaga. Ƙarfe ne bisa ƙarfe har sama, ga kogin Ganga a ƙasa da faɗi kamar ba shi da ɗaya gaɓar, jiragen ruwa suna kuka, gadar kuma tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Na ce masa tana motsi. Ya ce haka aka yi ta, don kada ta gaji. A gindinta kasuwar furanni ce, tuli-tuli, rawaya da ja, ƙamshinsu ya cakuɗe da na taɓo da hayaƙin mota. Har yau in na ji ƙamshin furen da ya kwana, wannan safiyar nake tunawa.

A can gefe ya tsaya wurin mai shayi. To, ga inda gizo ke saƙa. Ban taɓa cin komai a gabansa ba. A gida maza ke fara ci, mu mu ci a kicin bayan sun tashi. Da aka miƙo mini shayi a ɗan kofin ƙasa, sai na juya baya na fuskanci bango, na sha a ƙarƙashin sari. Mai shayin ya ce, "Ɗan'uwa, me bangon nan ya yi wa matarka?" Shi ya shanye nasa ya yi jifa da kofin ya fashe, kamar yadda kowa ke yi. Ni kuwa na kasa. Sabon abu fil, an gasa shi da kyau, a sha sau ɗaya a fasa? Na goge shi na ƙulle a gefen sarina. Ga shi can a cikin akwatina har gobe, Tuli ta gan shi.

Daga nan muka shiga tiram, motar lantarki mai bin dogo a kan titi. Ya ce zai kai mu babban fili, ya zauna yana nuna mini gine-gine yana faɗin sunayensu da ƙarfi don na kusa su ji. Mun yi nisa sosai sai wani tsoho mai jarida ya leƙo ta saman gilashinsa.

"Samari, filin yana bayanka. Wannan arewa ta nufa."

"Na sani, Kawu. So nake ta ga unguwannin nan tukuna."

"To ka nuna mata da kyau. Wancan da ka ce kotu ce, gidan wanka ne."

Na cusa sari a baki don kada dariya ta fito. Ya ji mayafinsa yana girgiza a hannuna, ya juyo ya harare ni, sai shi ma ta ƙwace masa. Ranar ce muka fara dariya tare a gaban mutane.

Da hantsi muka isa filin. Ciyawa har iya ganinka, dawakai suna kiwo, ga wani farin gini na marmara yana ƙyalli kamar an wanke shi da madara. Ya ce a nan sarauniyar Turawa take kwana in ta zo. Mai keken doki da ke kusa ya ce ko ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Mijina ya ce ai ba wannan sarauniyar yake nufi ba. Muka zagaya shi sau ɗaya, muka zauna a ciyawa, ya sayo gugurun shinkafa da aka kwaɓa da albasa da ɗanyen barkono, a cikin takarda. Nan ma na juya gefe.

Mai fuchka ne ya karya ni. Yana tsaye a bakin hanya da kwandonsa, da tukunyar ruwan tsamiya lulluɓe da jan ƙyalle. Ya ba kowannenmu ɗan kwanon ganye. Ya ɗauko fuchka, ɗan ƙwallon soyayyen fulawa mai rami a ciki, ya huda da babban yatsa, ya cusa dankali da yaji, ya tsoma a ruwan tsamiya, ya ɗora mini. Na tsaya ina neman bangon da zan fuskanta, babu bango.

"Yaya, jefa a baki! Duka! Fuchka ba ta jiran kowa."

Na ɗan gatsa gefe. Ruwan ya tsiyaye ta gwiwar hannuna har kan sari.

"Kash, an yi asarar tsamiya. Ɗan'uwa, daga wane daji ka samo ta? Buɗe baki, Yaya, kamar za ki yi wa surukarki rashin kunya. Yawwa!"

Kafin in haɗiye ya ɗora wata. Kafin in numfasa, wata. Hannu ɗaya kwano, hannu ɗaya fuchka, wa zai riƙe sari? Ya zame daga kaina ya faɗi a kafaɗa. Ga tsami, ga yaji, hawaye na zuba, hanci na zuba, ina tsaye a tsakiyar Kalkata kai a buɗe, baki cike, mijina yana kallona. Bai ci tasa ba, tana hannunsa tana jiƙewa.

"Goma sha huɗu," in ji mijina da na tsaya. "Ashe a gida yunwa kike kwana da ita."

"Kana ji? In ka faɗa wa Inna..."

"Ni? Ai tsoronki nake ji yanzu."

Muka biya ya sayi alawar uwarsa, aka sa a 'yar tukunyar ƙasa aka ɗaure bakinta da takarda da igiya. Da mun san abin da muke yi, daga nan tasha za mu nufa. Amma ya ce ba a zuwa Kalkata ranar sabuwar shekara a koma ba a ga farar damisa ba. Duk wanda ya san gidan namun daji a wannan ranar ya san abin da nake nufi. Kamar an kwashe Bengal gaba ɗaya an zuba a cikin katanga ɗaya. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi ko'ina, ɓawon lemo da na gyaɗa har idon sawu, lasifika a kan bishiyoyi tana ta kiran yaran da suka ɓata ba ƙaƙƙautawa. Na mai da sarina kan hanci, na kama bakin mayafi.

Mun ga giwa, mun ga tsohon kunkurun da ya ce ya girmi kakan kakansa. A gaban kejin damisar ne aka yi turereniya. Dabbar ta miƙe ta yi hamma, jama'a suka yi gaba kamar ambaliya, wata mata ta taka ni, mayafin ya suɓuce. Da sauri na lalubo na cafke shi. Ulu, ruwan ƙasa. Na ce Allah na gode. Na bi shi kaina a ƙasa, muka fita daga taron, muka wuce tafki, muka wuce kejin birai. Ina ta mamakin me ya sa bai ce komai game da damisar ba, shi da ba ya ganin abu ya yi shiru. Sai na lura da ƙafafun. Takalmin fata baƙi, da safa. Nawa mijin silifar roba ya sa.

Na ɗaga kai. Wani mutum ne mai furfura da gashin baki, yana kallona, matarsa a gefensa tana kallon hannuna.

"Wace ce wannan kuma?" ta tambaye shi.

Na saki kamar na taɓa garwashi. Na juya. Ko'ina na duba mayafi ne ruwan ƙasa. Da sanyi duk namijin Bengal abin da yake yafawa ke nan, ni ban taɓa lura ba sai ranar. Na koma wurin damisa, ba ya nan. Na je wurin giwa, na dawo. Ko kwabo babu a jikina, tikitin jirgi yana aljihunsa, ban san sunan unguwa ko ɗaya ba. Abin da nake da shi kofin ƙasa ne a ƙulle a sari. Rana ta fara karkata. Wata mai sayar da gyaɗa ta ga ina kuka, ta ja ni har wata rumfa kusa da ƙofa, inda ake kiran waɗanda suka ɓata.

Wani dattijo ne a zaune a gaban abin magana, da gilashi da hular sanyi, muryarsa ta dishe. Bagchi na ji ana kiransa. A kan benci akwai yara suna shan alawa, da wata mata 'yar birni, mai jiki, da jaka a cinya. Ita ma mijinta ne ya ɓace, amma ko a jikinta, lemo take ɓarewa.

"Daina kuka, 'yata," in ji dattijon. "Tun safe ɗari da wani abu na haɗa. Wa ya ɓace miki?"

"Shi."

"Shi wa?"

"Mai gidanmu."

"Madalla. Sunansa?"

Na sunkuyar da kai. Ya cire gilashi ya murza ido.

"Wata kuma. Ke ce ta huɗu yau. To rubuta mini." Ya turo takarda da fensir.

Ban iya ba. A lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Ya tambayi nawa sunan, na faɗa. Ya kira a lasifika: Kanak daga Kusumdanga tana jiran mijinta a rumfar ƙofa. Sau uku. Babu kowa. Na ce masa sunan gidansu Samanta, kuma gyaran keke yake yi. Ya kira wannan ma. Samanta biyu suka zo, ɗaya tsoho da sanda, ɗaya da 'ya'ya biyar a bayansa, kowanne ya leƙa fuskata ya koma.

"Bari mu yi ta ƙauye," in ji matar mai lemo. "Mu mu faɗa, ke ki gyaɗa kai. Gyaɗa kai ba ya kashe kowa. Subal? Haren? Gopal?"

Na girgiza kai.

"Nitai? Bimal? Kartik?"

Mai gyaɗa ta sa baki, wani ɗan sanda da ke tsaye ya sa baki, masu wucewa suka tsaya kowa yana jefo sunan kawunsa. Sun fi sittin. Ko kusa ba su zo ba, don sunan irin na mutanen da ne, kakansa ya zaɓa masa.

"Ke yarinya," in ji matar, "shekara ashirin da biyu ina kiran nawa da sunansa, safe da yamma, wani lokaci har da abin da ya fi suna. Ga shi can wani wuri ƙato kamar bajimi, ko mura ba ya yi. Da abin yana aiki ai da tuni na huta."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ita ba ta ga matar maƙeri a farin sari ba.

Sai aka buga ƙararrawa. Ƙarfe biyar saura kwata, za a rufe. Jama'a suka fara kwarara waje, dubbai, kamar an buɗe madatsar ruwa. Jirginmu na ƙarfe shida da rabi ne, bayan shi babu wanda za mu samu abin hawa zuwa ƙauye. Ɗan sandan ya ce, ba da mugunta ba, duk wanda ba a zo ɗauka ba za a kai shi caji ofis ya kwana, da safe a nemi danginsa. Na ji muryar surukata kamar tana tsaye a bayana. Amaryar da ta kwana a waje. A caji ofis kuma!

Dattijo Bagchi ya dube ni ya sassauta murya.

"'Yata, ƙarfe biyar ake kashe mini wuta. Tun safe nake ihu, muryata ta zama kukan hankaka a kunnen mutane, ba mai saurare. Mutumin da hankalinsa ya tashi ba ya jin komai sai abu biyu: sunansa, da muryar gidansu. Zo ki kira shi da bakinki."

Ya ɗaga ni ya tsayar a gaban abin maganar. Ƙarfe ne mai sanyi, yana warin taba. Na ce, "Kana ji?"

Muryata ta fito daga kan kowace bishiya. Wallahi ina gani ta ƙofar rumfar, duk namijin da ke kan hanyar fita ya tsaya cak ya waiwayo. Tsofaffi, matasa, masu ɗauke da yara a kafaɗa, ɗaruruwa, kowa da fuskar wanda aka kama da laifi. Sai wurin ya fashe da dariya.

"Sannu!" in ji matar mai lemo tana share hawaye. "Kin kira mazan Bengal kaf. Saura naki."

Saura minti biyar. Na tsaya ina auna abin a raina. Ba wanda ya taɓa faɗa mini kwana nawa kira ɗaya yake ci. Mako ne? Shekara? Maƙeri ko damina ɗaya bai cika ba. In na yi shiru, zai yi tsawon rai, amma wata ce za ta riƙa yi masa fifita, wata zai yi wa ƙaryar kotu da gidan wanka. In na kira, nawa ne, sai dai ban san zuwa yaushe ba. Na tuna shi tsaye da fuchka tana jiƙewa a hannunsa. Na ce a zuciyata, duk abin da za a yanka, a yanka daga nawa kwanakin. Na rufe ido, na kama ƙarfen da hannu biyu.

"Nirapada!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Tsuntsayen tafki suka tashi. Na ji sunan yana tafiya daga bishiya zuwa bishiya har waje kan titi, yana dawowa. Na zauna a ƙasa na toshe bakina da hannu biyu, kamar zan mai da shi ciki.

Ba a yi minti uku ba na ji hayaniya a ƙofa. Mutum ɗaya ne yake kutsowa ciki alhali duniya tana fita, mai gadi yana jan rigarsa, shi yana ihu, "Ni ne! Ni ake kira!" Silifa ɗaya a ƙafa, mayafi yana jan ƙasa, gumi sharkaf a wannan sanyin. Tukunyar alawar uwarsa kuwa tana sama a hannunsa, ko tsagewa ba ta yi ba. Ashe tun ɗazu yana waje. Ya ɗauka taron ne ya tura ni titi, ya bi tashar tiram, ya bi bakin magudanar ruwa yana leƙawa.

Ya tsaya a kaina yana haki.

"Ban ce ki riƙe ba?"

"Na riƙe! Ban saki ba. Mutumin ne ba kai ba."

"Kai Nirapada," in ji matar mai lemo, "ɗauki kayanka ku tafi. Kuma ka saya mata allo."

Gudu muka yi. Wannan karon ba mayafi ya ba ni ba, wuyan hannuna ya kama, a gaban kowa, bai saki ba har cikin jirgi. Muna zama jirgin ya tashi. Sai da fitilun Hawra suka wuce na fara kuka na gaske, ina faɗa masa abin da na yi masa, da matar maƙeri, da maciji. Ya bar ni na gama. Sannan ya kwance igiyar tukunyar uwarsa, ya zaro alawa ɗaya ya raba biyu, ya miƙo mini rabi.

"Ashe kin san sunan nawa," ya ce. "Ni na ɗauka ba a faɗa miki ba."

Na ci, a gabansa, ban juya ba. Inna ta ƙirga alawarta ta ce 'yan birni ɓarayi ne, ba ta taɓa sanin sauran labarin ba.

Shekara guda na yi ina gadinsa kamar madara a kan wuta. In ya yi tari sai in tashi in duba shi. Da damina na hana shi bin gona, na riƙa ajiye masa fitila da sanda a bakin ƙofa. Da sabuwar shekara ta zagayo, ya farka ya shafa ƙirjinsa, ya shafa ƙafafunsa, ya ce, "Kanak, har yanzu ina nan fa." Haka ya riƙa yi mini duk shekara, har 'ya'yanmu suka girma suna jira su ji, ba su san mafarin ba. Allon kuwa ya saya, a satin da muka dawo. Kalmar farko da ya koya mini sunansa ne. Ya ce rubutu ba faɗa ba ne, in na sake bin mayafin wani sai in miƙa takarda. Daga wannan kalmar na koyi sauran.

Mun koma Kalkata sau da yawa bayan haka, daga baya ma muka tare a can wurin ɗanmu. Amma ban sake cin fuchka mai daɗin ta ranar ba, kuma na nema.

Yana da shekara saba'in da tara ciwo ya kwantar da shi, da sanyi. Likita ya ce a mai da shi gida. Wata la'asar rana tana shigowa ta taga, ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce, "Kira ni mana. Irin na gidan namun daji."

"Ka ji ka da wata magana. Ba zan rage maka ko wuni ba."

"Rowa," ya ce. "Shekara hamsin da uku, sau ɗaya."

Washegari ya sake roƙo, na ƙi. Rana ta uku ya daina magana, ya daina buɗe ido. 'Ya'ya suka kira shi Baba, jikoki suka kira shi Kaka, bai motsa ba. Na tuna abin da dattijon nan mai hular sanyi ya faɗa mini. Na ce kowa ya fita. Na sunkuya daidai kunnensa, ba lasifika, ba kowa, na faɗe shi a hankali.

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana nemana kafin ya same ni.

"Ina ji," ya ce.

Da safe ya tafi. Na sha tambayar kaina ko da na yi shiru da ya ƙara kwana ɗaya. Tuli ta ce wannan zancen banza ne, likita ya riga ya faɗa. Wataƙila. Ni dai na san da bakina na kira shi sau biyu, kuma duka biyun ya zo.

Bara Tuli ta kai ni gidan namun dajin a keken guragu, ita da Arko. An rushe rumfar, kowa da waya a hannu, ba mai ɓata. A bakin ƙofa na sa suka tsaya wurin mai fuchka. Farin sari ya hana ni kifi, bai hana ni tsamiya ba. Shida kawai na iya ci.